An Ƙwace Mini WhatsApp, Yanzu Maigida Ya Ce In Miƙa Masa Kalmomin Sirrina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, 'ya'yana uku. Ina da ɗan shago wajen Kasuwar Barci, ina sayar da atamfa da leshi da mayafai, amma rabin cinikina a waya nake yin sa. Tun da na fara riƙe babbar waya ƙanena ne ya buɗe mini komai, Gmail da Facebook da Instagram da manhajar banki. Ya sa mini kalmar sirri ɗaya a duka don kada in manta, wato sunan 'yata ta fari da shekarar haihuwarta. Watan jiya wata mata ta kira ni, Hausarta tas, ta ambaci sunana, ta ce daga guruf ɗin Islamiyyarmu ne, za a yi taro ta waya, in karanto mata lambar da aka turo mini. Na karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗina ya bar hannuna. Suka bi mutanena suna cewa ina asibiti da yaro, har gwaggona ta tura musu naira dubu 40. Sai bayan mako guda na dawo da shi. Yanzu maigida ya ce tunda ban iya ba, in ba shi duk kalmomin sirrina ya riƙe. Ya kuma faɗa a gaban mutane cewa ai ƙanena ne ya san komai. Yaron ya yi zuciya ya daina zuwa gidana. Na gwada canza su duka na sa masu wuya, washegari na manta biyu. Yanzu a bayan littafin bashi na shago nake rubutawa. Ba na son saɓa wa mijina, ba na son rasa ƙanena, kuma kaina ba ya riƙe waɗannan abubuwan. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar wa Gwaggo da alheri, ya huce zukatan gidanku.

Bari in fara da maganarki ta ƙarshe, don ban yarda da ita ba. Kin ce kanki ba ya riƙewa. Ke da za a tashe ki daga barci ki faɗi kuɗin turmin atamfa iri goma, ki faɗi wace ce ta ɗauki leshi tun kafin azumi ba ta cika ba, da nawa ya rage mata? Kanki lafiya lau yake. Abin da kika ɗora masa ne ba a yi kan mutum don shi ba. Ai ko wanda ya yaɗa wannan salon na cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomi, wani ma'aikacin gwamnatin Amurka mai suna Bill Burr da ya rubuta ƙa'idar a 2003, ya fito a 2017 ya ce ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta. Hukumar da ya yi wa aiki ma a shekarar ta sauya shawara: tsawon kalmar sirri ya fi cakuɗa ta amfani, kuma ba sai an riƙa canza ta kowane wata ba idan babu alamar ta fita. Ke kuwa kin zauna rana ɗaya kin ƙirƙiri masu wuya har huɗu. Da ba ki manta ba ma da na yi mamaki.

Sai batun ƙanenki, don shi ya fi tsaya mini a rai. WhatsApp ba da kalmar sirri ake shigarsa ba. Lambar waya yake nema, sai ya turo lambobi shida ta saƙon tes don ya tabbatar layin yana hannun mai shi. Matar nan ta sa lambarki a wayarta, saƙon ya zo miki, ta kira ki kika karanto mata. Shi ke nan abin da ya faru. Sunan 'yarki da shekarar haihuwarta, abin da ƙanenki ya sani kenan, ba su shiga cikin wannan satar ba ko kaɗan. Sunanki da na Islamiyyarku kuwa ba abin wuya ba ne. Yawanci sukan fara kama wayar mutum ɗaya a guruf, daga nan su ga sunaye da lambobin sauran, su bi su ɗaya bayan ɗaya. Tambayi matan ajinku, da wuya a rasa wadda aka yi wa haka kafin ke. Sannan ki duba wannan: yaron nan ya yi shekaru yana sane da hanyar shiga bankinki, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Wanda makullin rumbu ke aljihunsa ba ya haura katanga don ya saci dami ɗaya. An zalunce shi da wannan maganar, kuma fushinsa yana kan hanya.

Kuskurensa ɗaya ne, shi ma don tausayinki ya yi shi: makulli ɗaya ga ƙofa huɗu. Haɗarin abin shi ne, wani lokaci ɓarayin intanet kan fasa wani kamfani su kwashe imel da kalmomin sirrin mutane miliyoyi, sai su bi sauran shafuka suna gwadawa da na'ura, ko mutum ya maimaita. Mark Zuckerberg da kansa, mai kamfanin Facebook, an shiga shafukansa na Twitter da Pinterest a 2016, masu kutsen suka ce sun tsinci kalmarsa ne a bayanan LinkedIn da aka sace tun 2012, wai "dadada". To balle sunan yarinya da shekara, waɗanda duk mai bin shafinki zai gani ranar da kika ɗora hotonta kina mata addu'ar ƙarin shekara. Allah ne ya tsare ba a bi ta nan ba. Canzawar dole ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maigida kuma ina ganin tsoro ne ya yi magana da bakinsa. An yi bara da sunan matarsa, an ce ɗansa yana asibiti, 'yan'uwa suna ta kiransa a firgice. Namiji idan ya ji abu ya fi ƙarfinsa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce a kawo ya riƙe. Kada ki ɗauke shi a matsayin raini kawai. Sai dai maganinsa bai dace da ciwon ba. Da duk kalmominki suna aljihunsa ranar nan, matar za ta kira ki, lambar za ta shigo wayarki, ki karanto. Babu abin da zai canza. Ga kuma wata matsalar: kina shago kwastoma tana tsaye, manhaja ta fitar da ke, shi yana wurin aiki ko yana hanyar Zariya babu sabis.

Akwai kuma abin da ba naki ba ne balle ki bayar. A wayar mai sayar da kayan mata akwai hotunan matan mutane suna gwada mayafi, akwai wadda ta roƙe ki ki rufa mata asiri kan bashi, akwai hirar 'yan'uwanki mata da suka faɗa miki ke kaɗai. Idan kina riƙe da kuɗin adashi, shi ma na mutane ne. Jarinki kuwa Musulunci ya riga ya bar miki shi a matsayin dukiyarki. Amma ban ce ki tare shi da "haƙƙina ne" ba, wannan zai mayar da zancen gardama. Ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa: "Malam, ka ga abin da ya faru da ƙanena. Don kawai ya san kalmar, shi aka fara zargi. Ba na so ranar da wani abu ya ɓata, Shaiɗan ya sa mini ko ya sa wa dangina zato a kanka." Wannan gaskiya ce tsagwaronta, duk wanda ya riƙe makulli shi ake fara kallo ranar da kaya suka ɓata. Banki ma idan aka kai musu ƙorafi, cikin abin da suke fara tambaya har da ko kin taɓa ba wani lambarki.

Ki ba shi abin da zai kwantar masa da hankali na gaske. Ki rubuta manyan kalmomin a takarda, ki sa a ambulan, ki liƙe, ki sa hannu a bakin liƙin, ku ajiye tare inda kuke ajiye takardun gida. Ku yi alkawari ba za a buɗe ba sai da larura, ciwo mai tsanani ko rasuwa, Allah ya sa mu cika da imani. Ana barin kuɗi a asusu magada su yi ta wahala saboda babu wanda ya san ma akwai su. Shi ma ya yi nasa ambulan ɗin. Idan bayan haka ke da kanki kin ga kina so ya san lambar buɗe wayarki, wannan tsakaninku ne, gidaje da yawa haka suke kuma lafiya lau. Ta banki ce dai nake so ta tsaya a kanki da cikin ambulan. Idan kuwa ya kafe ya ce sai duka, kada ki yi ta ja-in-ja ke kaɗai, ki nemi babba da yake jin nauyinsa ya sa baki.

Yanzu aikin kansa. Abu huɗu kaɗai nake so ki haddace: lambar buɗe waya, kalmar Gmail, lambar banki, da lambar WhatsApp da zan yi miki bayani. Saura duk a ajiye suke, ba a ka ba.

Gmail za ki fara gyarawa, domin shi ne uwar ɗaki. Duk shafin da kika manta kalmarsa, can ake turo hanyar sabuntawa, wanda ya kama shi ya kama saura. Ki haɗa masa kalmomin Hausa huɗu ko biyar waɗanda babu abin da ya haɗa su. Misali akuya, jirgi, rariya, kanwa, Laraba. Sai ki zana hoton a zuciyarki: akuya ta hau jirgin Rigasa da rariya a ka tana lasar kanwa ranar Laraba. Abin dariya ne, shi ya sa ba ya fita a rai. Ki jera su, ki sa alama ko lamba a tsakani idan shafin ya nema. Baƙaƙe kusan talatin kenan, na'urar da ke gwada kalmomi za ta sha wuya a kai fiye da gajeriyar nan mai cike da alamomi da kika manta. Hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ma abin da take koya wa mutanenta kenan, kalmomi uku da ba su da dangantaka. Kada dai ki ɗauki wannan tawa, kowa ya karanta ta. Kada ki ɗauki karin magana, ko baitin waƙa, ko aya, ko sunan wani na gida, ko sunan unguwa. Matar da ta kira ki Hausa take ji, abin da kika sani na bakin mutane ita ma ta sani. Ki kuma kauce wa baƙaƙe masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, don ranar da wayarki ta lalace kika ari ta wani, mai yiwuwa ba za ki same su a kan allon rubutunsa ba.

Haddar kuwa irin ta allo za ki yi mata. Kalma ɗaya a mako. Bayan kowace sallah ki maimaita ta a zuci, da dare ki rubuta ta da hannu a waya sau ɗaya ba tare da kin duba takarda ba. Idan ta zauna, sai ki ɗauki ta gaba. Amma idan tsohuwar nan mai sunan 'yarki tana nan har yanzu a banki da Gmail, kada ta ƙara kwana, su biyun ki canza yau, ko da daga takarda za ki riƙa karantawa kafin su zauna.

Sauran shafukan, Facebook da Instagram da duk wani wurin da kika yi rajista, kowanne ya sami tasa daban. Hanya biyu ce, ki zaɓi wadda ta fi kwanta miki. Idan wayarki Android ce, akwai ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google a cikinta, kyauta. Ita ce ke tambayarki ko ta ajiye idan kin shiga wani shafi. Tana iya ƙirƙiro miki mai wuya da kanta, ta adana, ta cike miki duk lokacin da aka nema, ke dai ki ɗora yatsa. Idan wayar ta ɓata, kina shiga Gmail ɗinki a sabuwa za su dawo. Masu iPhone ma suna da irinta. Idan kuma zuciyarki ta fi natsuwa da biro da takarda, babu laifi ko kaɗan, ɓarawon da ke wata ƙasa ba ya iya buɗe akwatin ɗakinki. Laifin yana wurin littafin da kika zaɓa. Littafin bashi yini yake a kan kanta, yarinyar shago ta buɗe, kwastoma ta ja shi ta duba lissafinta, ki fita alwala ki bar shi. Ki yage wannan shafin ki ƙona. Ki sayi ƙaramin littafi na daban wanda ba ya fita daga gida, kuma ba ya zama a jaka ɗaya da waya.

Wannan ma'ajiyar ta waya ƙarfinta yana ga makullin wayar ne. Idan zanen nan ne da ake ja da yatsa, wanda autarki ta iya saboda wasan gem, kuma sawun maiƙonsa yana kan gilashi duk wanda ya karkata wayar zai gani, to ki sauya. Ki sa lambobi shida da ɗora yatsa. Lamba huɗu hanyoyi dubu 10 ne, shida kuwa miliyan ɗaya. Amma idan shekarar haihuwa kika sa, kin rage wa ɓarawo aikin zuwa gwaji ƙasa da ɗari.

WhatsApp yana da ƙofa ta biyu da yawancin mutane ba sa rufewa. Ki shiga wurin saiti, ki taɓa ɓangaren asusu mai hoton makulli, za ki ga tabbatarwa mai mataki biyu. Ki sa lambobi shida naki na kanki, ki haɗa da imel ɗinki. Daga ranar, ko an yaudari mutum ya karanto lambar tes, sai an nemi wannan ta biyun. Ina kyautata zaton ita ɓarayin suka sa bayan sun shiga, shi ya sa kika jira kwana bakwai, ƙa'idar manhajar kenan idan ba a san lambar ba. Zai riƙa tambayarki ita jefi-jefi don kada ki manta, kada ki ji haushi. Ki leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, duk wadda ba ki sani ba ki cire ta. Gmail ma ki kunna masa mataki biyun, zai ba ki lambobin ko-ta-kwana guda 10, ki kwafe su cikin ambulan ɗin nan. Kuma duk lambar da ta shigo wayarki ta tes, ba ta da wani mai ita sai ke. Ko muryar malamar Islamiyya kika ji, ko an ce daga banki ne, ki kashe ki kira mutumin da lambar da kika sani.

Akwai wani abin da ba ki tambaya ba amma ba zan bar shi ba, tunda kullum kina cikin keke napep tsakanin gida da kasuwa, kuma kin san yadda ƙwacen waya yake a garin nan. Sau da yawa ba wayar ce ta fi tsada a wurinsu ba, layin ne. Su zare shi su sa a ƙaramar waya, su danna *565*0# lambar BVN ta fito, saƙonnin banki su riƙa shigo musu. Ki sa wa layin kansa lambar sirri. Idan ba ki san ta asali ba, ki je ofishin kamfanin layin su nuna miki, kada ki yi ta cinka, don kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK, wadda ake buɗe layin da ya kulle da ita. Ki tambayi bankinki lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ki rubuta, maigida ma ya riƙe ta. Ga aikin da za ki damƙa masa da hannu biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin mai POS kuma, don Allah, a daina miƙa kati ana faɗar lamba da baki saboda hannu yana riƙe da kaya. Na sha tsayawa a layi ina jin lambar mutane kamar ana kiran sunan 'yan aji.

Gwaggo ki je ki same ta har gida idan ba ki je ba. Ba ke kika ci kuɗinta ba, amma don ƙaunarki ta fitar da su. Ta kai wa bankinta rahoto da shaidar turawar, akwai sunan asusun da kuɗin suka faɗa, kuma hukumar EFCC tana da ofis a nan Kaduna. Ba zan yi miki alkawarin za su dawo ba, lokaci ya ɗan ja. Idan kina da hali ki rage mata asara, ko rabi ne, ko turmi ɗaya mai kyau. Idan ta ce ta yafe, ki karɓa ki yi godiya.

Na bar wannan a ƙarshe da gangan. Tunda ƙanenki ne ya buɗe miki Gmail, akwai yiwuwar lambar wayarsa ko imel ɗinsa ne ke ciki a matsayin hanyar dawo da asusu. Dole a mayar da su naki, kuma shi ya fi kowa sanin inda suke. Kin ga kin sami dalilin kiransa wanda ba roƙo ba ne. Kafin nan ki zaunar da maigida ki nuna masa yadda satar ta faru, kamar yadda na warware miki a sama. Abin da ya dace shi ne ya janye maganarsa a gaban waɗanda suka ji ta. Idan ta yi masa nauyi, ko kiran yaron ya yi ya ce ya zo a ci abinci, a wurin maza wannan ma ban haƙuri ne, ke kuma ki faɗi sauran da bakinki: "Na san ba kai ba ne, ni na karanto musu lambar." Ranar da ya zo, ku zauna ku uku a falo. Shi ya nuna inda za a taɓa, ke ki riƙe wayar, idan an zo wurin rubuta sabuwar kalma su biyun su kau da kai. In an gama da taki, a karɓi ta maigida a duba, ina zargin shi ma sunan 'yar tasa ce a ciki.